Tsakanin Sha-ƙwai da Canjo

Zuwa ga takwarata Hadiza, sarkin barci.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki irin gaisuwar da ke ba ki iya yi min sai kin gama hamma. Allah Ya tsare min ke a tudu da kan ruwa, Ya kare ki daga sharrin mutum da na sauro, Ya buɗe miki ƙirji da kunne. Amin.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a cikin kular da na bar miki, alhali ɗaki ɗaya muke kwana ni da ke tun zuwana. Na gwada yi miki maganar nan da baki, amma ke ba a kai miki zance ƙarshe. Ina fara labari kin fara dariya, ni kuma in na ga ana dariya sai in ƙara gishiri, mu tashi ba a ce komai ba. Takarda ba ta dariya. Rubutun kuwa ki yi haƙuri da shi, na ajin yaƙi da jahilci ne, malamarmu da ta ga na iya rubuta sunana da sunan kaya cewa ta yi in tafi, ya isa. Lokacin da za ki karanta ina cikin jirgin Kano, kuma gwiwoyin nan sun gaya min da wuya in sake dawowa Guangzhou. Shi ya sa nake so in bar ki a zaune.

Ga abin da ke gabanmu. Za ki bar gidan ubanki na Huanshi Lu ki koma kusa da makaranta, don zirga-zirgar ta cinye ki, kin rame kamar tsintsiya. An samo ɗaki biyu, kowanne a tsibirinsa. Ɗaya a Xiaoguwei, tsibirin jami'o'inku, wanda harshena ya ƙi lanƙwasuwa nake ce masa Sha-ƙwai. Ɗaya a Changzhou, maƙwabcinsa da gada ta haɗa su, wanda ni Canjo na san shi. Ubanki Sha-ƙwai yake so. Ke Canjo kike so, amma kin kasa faɗa masa, sai ki zo ki dinga matsa min ƙafa kina ajiyar zuciya. Shi kuma da ya gaji ya ce duk abin da Hajiya ta yanke shi ke nan. Kun haɗu ku biyu kun ɗora wa tsohuwa kaya.

Kuma na san abin da kike ɓoyewa. Ƙawarki ta faɗa min rabi, fuskarki ta faɗa min sauran. Malaminku ya tsayar da ke gaban wata tsohuwa marar lafiya ya ce ki tambaye ta abin da ke damunta. Ta yi magana da yaren mutanen garin nan, ba Sinancin littafi da kika haddace ba, kika tsaya kamar an dasa ki. Ya ce ya ba ki zango ɗaya, in kunnenki bai buɗe ba ba za ki bi 'yan ajinku zuwa ɗakin marasa lafiya ba. Ranar kin shiga banɗaki kin buɗe famfo don kada in ji kukanki. Na ji. Tsufa gwiwa ya ci min, bai taɓa kunne ba.

Da kika kai ni ganin ɗakunan nan na yi shiru, kika ɗauka gajiya ce. Kallo nake yi. A Sha-ƙwai tun daga matakala na ji ƙamshin daddawa, na ce Alhamdulillahi, an zo gida. 'Yan mata uku ne, biyu 'yan Kano, ɗaya 'yar Maraɗi mai kiran kowa da kalmomin Faransanci, duk masu kirki, suka durƙusa har ƙasa suka gaishe ni. Ga jirgin ƙarƙashin ƙasa a kusa, ga shagon taliyar Musulmin Sin masu farar hula a bakin lungu. Ba abin da uba zai gani a wurin nan ransa bai kwanta ba. A Canjo kuwa tsohon gida ne na baƙin bulo, ɗakinki a sama, tsohuwa mai gidan da kike ce wa Apo tana ƙasa da kajinta. Na ga turaren tsinke da ta kafa a bakin ƙofa, na ga naman da ta shanya a jikin gora wanda ni da ke ba mu ci, na ga sauro kamar an yi odarsu. Na tambaye ki ko akwai mai jin Hausa a ƙauyen, kika ce ko ɗaya. Ba zan yi miki ƙarya in ce wurin ya fi kyau ba. Amma kafin ki ji hukuncina sai kin ji shirmen da na tafka, don daga cikinsa na samo ɗan abin da na sani.

Canjon nan da kika kai ni kina nuna min hanya kamar baƙuwa, na riga ki zuwa. Ubanki ya roƙe ni kada in ba da labarin, don a cewarsa mutuncinsa zai zube a wurin 'yan kasuwa. Yanzu ina sama, ba zai kamo ni ba.

Zuwana na farko ne, lokacin ko tubali ɗaya ba a aza ba na jami'arku, ke kuma kina Kano kina karya min kofuna. Na sayi kuloli da farantai da labulaye, aka ce za a loda su a kwantena can gefen Huangpu inda manyan jiragen ruwa suke tsayawa. Na ce ba zan yarda ba sai na ga jirgin da zai ɗauki kayana da idona. Ubanki ya yi ta bayani cewa ba a haka, na ce shi dai ya kai ni. Da muka isa ya zaunar da ni a kan wani benci kusa da bakin ruwa, ya ce in jira, zai shiga ofis, in an gama za a zo a kira ni. Ina zaune sai ga jirgin fito ya tsaya, mutane suna ta shiga da kekuna da kwandunan ganye. Wani mutum mai hular kaki da ke tsaron ƙofar ya dube ni, ya yi murmushi, ya ɗaga hannu ya ce, "Ni hau."

Na waiwaya ba kowa a bayana. Na nuna ƙirjina na ce, "Ni? In hau?"

Ya gyaɗa kai da ƙarfi, ya ƙara cewa, "Ni hau, ni hau."

Na ce a raina ikon Allah, yaron nan har ya samo Basine mai jin Hausa ya aiko a kira ni, Hausar ce dai ba ta nuna ba. Na gyara mayafina na hau. Har na yi masa addu'a.

Sai da muka kai tsakiyar kogi na lura ba wani babban jirgi da muka nufa, kuma ba mai kama da ubanki a cikinmu. Aka sauke mu a wata gaɓa, kowa ya kama gabansa, aka bar ni tsaye da jaka. Ba waya a hannuna, ba adireshi a kaina, Sinancin da na sani kuwa bai wuce na tambayar kuɗin kaya ba. Na ce in zan ɓata gara in ɓata a inuwa, na bi wani lungu har na samu tsofaffin mata zaune a gindin bishiya suna ɓare 'ya'yan itacen nan mai kama da kanya da suke kira lungan. Suka dube ni, na dube su. Ɗaya ta jawo kujera 'yar tsugunno ta buga ta da tafin hannu. Wannan kam ko a Fagge ma'anarsa ɗaya ce, na zauna.

Azahar ta yi, na kwaikwayi wanke hannu da fuska don su ba ni ruwa. Tsohuwar ta shiga gida ta fito da wata 'yar buta mai kyau. Na ce kai, mutanen nan sun san addini. Na koma gefe na tsuguna, na yi bisimilla, na wanke hannu, na kurkure baki, sai na ji ruwan da ɗumi da ɗan ɗaci. Na duba tafina, ja. Shayi ne aka kawo wa baƙuwa, ni kuma ina alwala da shi. Tsohuwar nan ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa tana riƙe ciki, sauran suna dukan cinya. Da ta farfaɗo ta ja ni bakin rijiya da kanta, ta ɗebo min ruwa, ta shimfiɗa min tabarma a tsakar gidanta, ta kore kaji, ta tsaya tana gadin kada yara su gifta. Ni kuma da na idar na rama, na ba ta goro. Da ta gatsa ta yi wata fuska da har yau in na tuna sai na yi murmushi, amma don kara ta haɗiye.

Wunin nan a cikinsu na yi shi. Suna nuna abu suna faɗin sunansa, ina maimaitawa suna gyara min, ni ma ina koya musu sannu da madalla. Abin da kunnena ya ɗauka a ranar ya fi wanda na ɗauka a duk yawon da na yi a kantunan Liuhua Lu, don mai kanti so yake ki saya ki tafi, tsohuwa kuwa so take ki zauna. Da la'asar sai ga ubanki, rigarsa sharkaf da gumi, ya bi duk jirgin da ya tashi daga tashar yana tambaya ko an ga baƙar tsohuwa mai mayafi. Ya same ni da lungan cike da cinya.

Ya ce, "Hajiya, wa ya ce ki hau jirgi?"

Na ce mutumin ƙofar ne ya ce in hau, har sau uku.

Ya dafe kai ya ce, "Gaishe ki ya yi. Sannu ya ce miki."

Kin ga shirme na farko. Abin da nake so ki ɗauka a ciki biyu ne. Mutanen tsibirin nan sun karɓi baƙuwar da ba su san daga ina ta faɗo ba, kuma saura kaɗan ta wanke ƙafa da shayinsu. Ban ce miki Apo ce matar nan ba, a lokacin duk tsofaffinsu kama suke yi min, kamar yadda mu ma muke yi musu. Amma yadda Apo ta buga kujera ta ce in zauna ranar da muka je, na gane hannun. Na biyu, kuma ki riƙe shi da kyau: kada ki taɓa hawa komai ba wanda ya san inda kika nufa. Ni na sha lungan, ubanki ne ya sha wuya. Na ga idonsa ranar, ba na so ki sa ya sake yin irinsa.

Shirme na biyu ya girmi wancan, kuma bai kai shi daɗin ji ba. Kin san mun zauna a Sabo ta Ibadan, lokacin kakanki marigayi yana fataucin goro. Shekaru muka yi masu yawa, amma Takwara, ni ban zauna a Ibadan ba, a Kano na zauna wadda aka ɗauko aka ajiye a Ibadan. Maƙwabta Hausawa, mai nama Bahaushe, mai kitso Bahaushiya, liman namu. In na fita kasuwa na san yadda ake cewa nawa da yadda ake cewa ya yi tsada, sai in dawo ina jin kaina gwana. Ban ga abin da zan yi da Yarabanci ba.

Sai ubanki, yana ɗan yaye, ya samu ƙwayar wake ya tura a hanci. Wannan babban mutumin da 'yan kanti suke rusuna wa suna lauban, lauban, wato maigida, shi fa. Na gan shi da idona amma kafin in kai hannu ya shaƙe ta ta wuce. Kakanki yana daji wurin sayen goro. Na goya yaro na ruga asibiti. Nas ɗin mace ce mai fara'a, ta yi ta tambayata, ni kuma ina nuna hancinsa ina cewa wake, wake. Ta duba, ta ga majina, ta ba ni maganin mura. Na san ba mura ba ce. Na buɗe baki ba abin da zai fito da za ta gane, na koma gida da kwalba a hannu ina hawaye. Kwana ya bi kwana, hanci ya kumbura, ya fara wari, yaro ba ya barci, zazzaɓi ya rufe shi.

Akwai wata mai sayar da manja a bakin unguwa, Iya Risika, wadda kullum nake wucewa in ɗaga mata hannu kawai. Ta ga ina zarya da yaro a baya ta tsayar da ni, ta tambaye ni abin da ya same shi da Hausa tsaf, har da karin Kano. Ashe a wurinmu ta koya, muna sayen manjanta tana sayen harshenmu, mu ba mu sayi komai nata ba sai manjan. Ta rufe tirenta ta bi ni asibiti. Magana ɗaya ta yi wa nas ɗin, aka ɗauko ɗan ƙarfe aka zaro wake. Ni dai na ga tsiro a jikin waken, fari, har ya lanƙwasa. Ubanki yana musu, amma shi a lokacin ihu yake yi, ni ce mai kallo. A hanya na tambayi Iya Risika yadda ake ce wa wake, ta ce ewa. Ɗan abin da ya tsaya tsakanina da lafiyar ɗana ke nan, ewa, kuma kullum ana kiransa a ƙofar gidana masu talla suna wucewa, ban taɓa sauraro ba.

To Takwara, tsohuwar nan da ta yi miki magana a asibiti kika kasa ganewa, ni ce. Ni ce da goyo a baya ina nuna hanci. Ta san abin da ke damunta sarai, wanda zai ji ne babu. Kada ki tsaya tunanin malaminki ya kunyata ki, ki yi tunanin ita da ta koma gadonta ba a ji ta ba. In kika zauna a Sha-ƙwai za ki ci tuwo, za ki yi hira har ki gode Allah, kuma za ki gama zangon nan da kunnen da kika shiga da shi. Na san ki, kuma na san daɗin Sabo. Ba laifin 'yan matan ba ne, daɗin ne ya yi yawa.

Saura ɗaya, gajere ne, kada ki yi hamma. A zuwan nan nawa na farko, ubanki ya shimfiɗa min darduma a ɗaki ya fita. Na leƙa taga na ga inda rana ta fito, na dubi dardumar, na ga ta ba wa gabas baya. Na ce innalillahi, yaron nan ya zauna a ƙasar Sin har ya manta alƙibla. Ban ce masa komai ba don kada ya ji kunya, na juya ta. Kullum in ya shigo sai ya gyara, in ya fita in mayar, kowa yana tausayin ɗan'uwansa a ɓoye. A tsakar gidan tsohuwar Canjo ma gabas na duba na yi sallata. Sai ranar Juma'a da ya kai ni Masallacin Huaisheng na ga sahu gaba ɗaya, da Sinawa da Larabawa da mutanenmu, kowa ya fuskanci inda rana take faɗuwa. Na ce duk waɗannan ba za su ɓata tare ba. Nan ya yi min bayani cewa mun wuce Makka, mun bar ta a baya, wanda yake nan yamma zai duba. Na tambayi wani malami game da sallolin da na yi, ya faɗa min abin da zan yi, amma sai da ya juya baya kafaɗunsa suna rawa.

Mu a gida in an ce mutum yana kallon gabas an gama yabonsa, har muka manta ba gabas ɗin ake nufi ba, Ɗakin Allah ake nufi. Ubanki da yake cewa ki zauna cikin 'yan'uwa, gaskiyarsa, a Kano haka ake tsare yarinya, kuma abin da yake nufi shi ne ki tsira da mutuncinki ki gama abin da ya kawo ki. Ni ma shi nake nufi. Sai dai daga inda kike tsaye yanzu, hanyar zuwa can ta juya. Shi da ya gyara min darduma ya kamata ya fi kowa ganewa.

Don haka ga hukuncin kakarki: Canjo. Amma da igiya a ƙafa, ki ji sharuɗɗan.

Kowace Juma'a, ko ana ruwa ko ana rana, ki tsallako ki yi salla a Huaisheng, daga nan ki wuce Huanshi Lu ki ci abinci da ubanki ya ga fuskarki. Ba waya ba, fuska. Ki tafi da tukwanenki da wuƙarki da soson wanke-wankenki, kuma tun ranar farko ki gaya wa Apo abin da kike ci da wanda ba ki ci, da fara'a, ba tare da yamutsa fuska a kan nata ba. Gidanta ne. Turarenta nata ne, dardumarki taki ce, ki tambayi inda rana take faɗuwa kafin ki shimfiɗa, kada a ce gadon shirme kika yi. Kada ki shige ɗaki ki rufe ƙofa da littafi, in haka za ki yi gara ki zauna inda ake tuwo. Ki sauko da safe ki gaishe ta, ki ɗaukar mata bokiti, ki zauna cikin tsofaffin gindin bishiya. Tsoho ba abin da yake so kamar a tambaye shi ina ke masa ciwo, za su ba ki labarin gwiwa da baya da ƙirji kyauta har ki gaji, kuma shi ne karatun da malaminki yake nema. Za su yi miki dariya in kin karkace kalma. Ki bar su su yi, ni da na yi alwala da shayi ban mutu ba.

'Yan matan Sha-ƙwai kuma kada ki yar da su. Gada ce tsakaninku, ga kekenki. In azumi ya zo ki je ki sha ruwa da su, in kewa ta taso miki ki je ki yi Hausa har muƙamuƙinki ya gaji, ki dawo. Ki ba ɗaya daga cikinsu lambar wayar Apo, ki ba Apo tasu. Gidan sauro yana ƙasan akwatinki, na saka. In bazara ta zo bangon garin nan zufa yake yi, ki ɗaga littattafanki daga ƙasa. Sannan ɗan Maraɗin nan mai sayen fitilu da yake zuwa ofishin ubanki tambayar kayan da ya san ba su iso ba, na ga inda idonsa yake zuwa. Ban ce komai ba. Ya bari ki zama likita tukuna, in ya so ki auna shi ki ga ko lafiyayye ne.

Yanzu saura ubanki. Na gaya masa hukuncina da safen nan muna karyawa, ya ajiye kofi ya ce a'a, ba zai yiwu ba, duk da shi ya ce in yanke. Kada wannan ya tsorata ki. Na daɗe ina ciniki a garin nan. In kika shiga kanti kika nuna samfur, mai kanti zai kaɗa hannu ya ce meyo, wato babu. Baƙo sai ya juya ya fita. Ni kuwa sai in jawo kujera in zauna, in sha shayin da aka zuba, in tambayi lafiyar yara da hannu da ka, can sai ki ga an aika bayan kanti an ɗauko abin da aka ce babu. Ubanki ya daɗe cikinsu har ya ɗauki halin, meyonsa na farko ba meyo ba ne. Na riga na fara miki cinikin, na tambaye shi ko ya tuna yadda ake ce wa wake da Yarabanci. Sai na ga ya shafa hanci.

Sauran cinikin naki ne, ba zan yi miki ba. Ki kai masa shayi, ki zauna, ki faɗa masa da bakinki labarin tsohuwar asibiti da abin da malaminki ya ce, don har yau bai sani ba, yana ganin son shiru ne kawai yake jan ki ƙauye. Ki faɗa masa sharuɗɗan nan a matsayin alkawarinki. Wadda za ta tsaya gaban marar lafiya ta tambaye shi gaskiyar jikinsa, ta fara da faɗa wa ubanta gaskiyar nata. Ɗana ne, kunyar ɗan fari ta hana ni kiran sunansa amma ba ta hana ni sanin cikinsa ba. Zai duba waya kamar ana kiransa, sannan zai tambaye ki ko ɗakin yana da makulli mai kyau. In ya yi wannan tambayar an ɗauko kaya daga bayan kanti.

Allah Ya sa ki shiga ɗakin nan da ƙafar dama. Allah Ya haɗa ki da maƙwabta irin Iya Risika, Ya sa ke ma ki zame wa wani ita. Ya tsare ki a kan gada da cikin jirgi, Ya tsare miki sallarki da cikinki da sunanki, wanda nawa ne, aro na ba ki. Ya nuna min ranar da za ki sa min abin nan naku a ƙirji ki ce in ja numfashi, ni kuma in ce miki ba ki iya ba. Ki gaishe da Apo, ki ce tsohuwa mai goro tana gaishe ta, ko ba ita ba ce za ta karɓa.

Ranar da za ki tare, roƙo ɗaya nake yi. Kada ku bi ta gada, ki sa ubanki ya kai ki ta tashar fito, ya riƙe miki akwati. Mai tsaron ƙofa zai dube ki ya ce ni hau. Ke mai ilimi ce, kin san gaisuwa ce. Ki amsa masa da kyau, da yarensa, sannan ki yi abin da kakarki ta ji ya ce.

Wassalam.

Kakarki kuma mai sunanki na asali,
Hajiya Dije